Iyon Dogon Zango Don Tara Kuɗin Koya wa Yara Iyo: Ina Neman Shawara

Ma'ajin Unguwa, Kano

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ni ne ma'ajin ƙungiyar ci gaban unguwarmu a nan Kano, kuma wata muhawara ce ta raba kawunanmu har na ga gara in kawo ta gaban waɗanda suka fi mu sanin ruwa. A daminar da ta wuce mun binne ɗan maƙwabcina, yaro ɗan shekara tara, wanda ya bi abokansa zuwa kududdufin bayan unguwa da aka tashi daga makarantar allo, ya taka inda masu haƙar ƙasar gini suka bar rami mai zurfi, ba a sake ganinsa ba sai da jami'an kashe gobara suka ciro shi da yamma. Tun daga ranar matasanmu suka ce ba za su zuba ido a sake irin wannan ba.

Ɗaya daga cikinsu ya nuna mana wani bidiyo a Facebook na wasu mutane da suka ƙetare mashigin tekun da ke tsakanin Ingila da Faransa da iyo, domin su tara wa wata ƙungiyar agaji mai suna SwimTayka kuɗi, ita kuma tana koya wa yaran talakawa da ke zaune a bakin ruwa iyo kyauta a ƙasashe irin su Peru da Brazil. Nan take matasan suka ce mu ma mu shirya irinsa a madatsar ruwa ta Tiga, a samu gwanaye biyu ko uku su yi iyo na sa'o'i masu yawa, a gayyato 'yan jarida da masu hannu da shuni, abin da aka tara a ɗauki mai koyarwa da shi. Dattawanmu kuwa sun ce wannan wasa da rai ne, kuma da a kai wani ɗa ruwa gara a sayi ƙasa mota biyar a cike ramin.

Tun da kuɗin jama'a a hannuna suke, ba na son in sa hannu a kan abin da ban fahimta ba. Yaya ake gudanar da irin wannan iyon, kuma ta ina kuɗin suke shigowa? Akwai hujjar cewa koya wa yaro iyo yana hana ruwa cinsa, ko kuwa ƙara masa ƙarfin hali yake yi ya riƙa zuwa inda a da yake tsoro? Wanda ya san wani abu ya taimaka mana, Allah ya saka da alheri.

Baƙo a Ingila

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan yaron, ya ba iyayensa haƙuri. Malam Ma'aji, zan amsa tambayarka ta farko domin na taɓa zama a jirgin rakiya lokacin da wasu abokan aikina suka yi wannan ƙetarawa, ko da yake ni kaina ban sa ƙafa a ruwan ba.

Daga gaɓar garin Dover na Ingila zuwa wuri mafi kusa a gaɓar Faransa kimanin kilomita 33 ne, amma babu wanda yake yin iyon a miƙe, domin cikowa da janyewar teku suna karkatar da mutum hagu da dama, sai ka ga tafiyar ta ƙaru sosai. Mutum na farko da ya ƙetare ba tare da wani abin taimako ba shi ne Kyaftin Matthew Webb, a watan Agusta na 1875, kuma ya shafe sa'a 21 da minti 45 a cikin ruwan. Mace ta farko ita ce Gertrude Ederle, 'yar Amurka, a 1926, wadda ta gama a ƙasa da sa'a 15, ta karya lokacin duk mazan da suka riga ta. Abin da ya fi nisan wahala shi ne sanyi, domin ko a lokacin da ake yin iyon, wato daga wajen Yuli zuwa Satumba, ɗumin ruwan yakan tsaya tsakanin digiri 14 da 18, kuma ƙa'ida ta hana sa rigar roba mai riƙe ɗumin jiki. Ba a yarda mai iyo ya taɓa jirgin ba, abinci da abin sha ma da igiya ko sanda ake miƙa masa. Wanda zai yi shi kaɗai sai ya nuna shaidar ya taɓa yin sa'a shida a ruwan da bai wuce digiri 16 ba, ya kuma kawo takardar likita.

Mafi yawan masu yi don agaji ba su kaɗai suke yi ba. Sukan haɗa ayari, galibi mutum shida, kowa ya yi sa'a ɗaya ya fito na gaba ya shiga, haka za a yi ta karɓa-karɓa dare da rana har a taka ƙasar Faransa. Ina kyautata zaton irin wannan ne matasanku suka gani. Kuɗi kuwa ba a bakin ruwa ake tara su ba. Watanni kafin ranar kowane mai iyo yake buɗe shafin karɓar gudummawa a intanet, ya bi dangi da abokan aiki da maƙwabta yana cewa ga wahalar da zan sha, ku saya da abin da ya sauwaƙa. Wanda ya shahara yakan tara da yawa, kamar ɗan wasan barkwancin nan David Walliams da ya ƙetare mashigin a 2006 ya tara wa gidauniyar Sport Relief sama da fam miliyan ɗaya, amma wannan sunansa ne ya jawo kuɗin, ba ƙarfin damtsensa ba.

Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne abin da ke kewaye da mai iyon. Akwai jirgi mai lasisi da matuƙi wanda ya san hanyar, kuma hayarsa kaɗai dubban fam ce, akwai mai sa ido na hukumar iyon da ke rubuta duk abin da ya faru, akwai sadarwa da masu tsaron gaɓa saboda manyan jiragen kaya da ke ratsa wurin, kuma matuƙin yana da ikon ya ce a fito da mutum ko da Faransa tana gabansa yana kallonta. Duk da haka an rasa rayuka a wannan ƙetarawa. Shi kansa Webb a 1883 ruwa ya ci shi, lokacin da ya yi ƙoƙarin ratsa guguwar ruwan da ke ƙasan magangarar ruwa ta Niagara, a kan iyakar Amurka da Kanada. Idan ba za ku iya samar da kwale-kwale mai inji kusa da kowane mai iyo ba, da ma'aikacin lafiya, da mutum ɗaya mai ikon dakatar da komai ba tare da an yi masa gardama ba, to ni dai a nan ina bayan dattawanku.

Ma'aikaciyar Lafiya, Zariya

Malam Ma'aji, Allah ya jiƙan yaro ya sa mai ceto ne. Tambayarka ta biyu ita ce ta fi muhimmanci a ganina, kuma an yi bincike a kanta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a watan Disamba na 2024 wanda ya ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Daga shekarar 2000 zuwa lokacin, yawan mace-macen, idan an auna shi da yawan jama'a, ya ragu da kashi 38 cikin ɗari a duniya baki ɗaya, a Turai ya ragu da kashi 68, a yankin Afirka kuwa da kashi 3 kacal. Ka kuma sani cewa wannan lissafin bai haɗa da waɗanda ambaliya ta tafi da su ko waɗanda jirgin ruwa ya kife da su ba, wato daidai irin mutuwar da muka fi jin labarinta a nan. Saboda girman matsalar ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara don hana nutsewa, a wani ƙuduri na watan Afrilu 2021 da Bangaladash da Ailan suka jagoranta.

Ba banza Bangaladash ta shiga gaba ba, domin a can nutsewa ce ta fi kowace cuta kashe yara 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu, kuma ƙauyukansu cike suke da tafkuna kamar yadda unguwanninmu suke cike da kududdufai. Wata cibiyar bincike ta ƙasar mai suna CIPRB ta ƙirƙiro shiri mai suna SwimSafe, inda ake kafa dandamali da shinge na itacen gora a cikin tafkin ƙauye yadda zurfin ba zai wuce ƙirjin yaro ba, a horar da matasan garin su zama masu koyarwa. Abin da ake nema daga yaro kaɗan ne, wato ya iya iyon mita 25, ya iya tsayawa a saman ruwa na daƙiƙa 30 ba tare da ya nutse ba, ya kuma san yadda zai ceci wani daga tudu. Binciken da aka wallafa a 2012 ya nuna cewa haɗarin mutuwa a ruwa ya ragu da fiye da kashi 90 cikin ɗari ga yaran da suka shiga shirin idan an kwatanta su da waɗanda ba su shiga ba. Saboda haka tsoron da ka ambata, cewa koyarwa za ta ƙara wa yaro rawar kai, bai tabbata ba a inda aka haɗa iyon da koyar da haɗarin ruwa.

Sai dai akwai rabin maganar da masu iyon dogon zango ba su cika faɗa ba, wataƙila domin ba ta da daɗin ɗauka a hoto. Yaron da ya fi kowa shiga haɗari bai kai shekarun koyon iyo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya daga shekara shida zuwa sama ta ba da shawarar a fara irin wannan koyarwa, na ƙasa da haka kuwa maganinsu ido da shinge. A Bangaladash sun lura cewa ƙananan yara sun fi faɗawa ruwa da hantsi zuwa azahar, lokacin da uwa take fama da girki da wanki, kuma galibi a 'yan taku kaɗan daga gida, sai suka buɗe wuraren reno da suke kira Anchal, inda mace ɗaya da mataimakiyarta suke riƙe yaran maƙwabta daga ƙarfe tara na safe zuwa ɗaya na rana. Wannan kaɗai ya rage haɗarin da fiye da kashi 80. A wurin aikina na ga jaririn da ya kife a cikin bahon wanki, na ga wanda ya faɗa rijiyar tsakar gida da ba ta da murfi, kuma babu darasin iyon da zai ceci ko ɗaya daga cikinsu. In har kuka tara kuɗi, ina roƙon ku ware wani kaso don murafen rijiyoyi.

Game da Tiga kuma, ban da zurfi akwai tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa daga jikin ƙananan dodon koɗin da ke rayuwa a ruwa mai kwanciya, ta huda fata ta shiga jini, kuma madatsun ruwa da magudanan noman rani suna cikin wuraren da aka fi kamuwa da ita. Bai dace a ce taron da aka shirya don lafiyar yara ya mayar da matasa gida suna fitsarin jini ba.

Ɗan Sarkawa, Yawuri

Gaisuwa ga kowa, da ta'aziyya ga mutanen unguwa. Hajiya ta yi bayani mai gamsarwa, amma ina da ja a wuri ɗaya, kuma ina ganin an yi saurin kashe wa matasan nan gwiwa.

Ni a bakin Neja aka haife ni, kuma ban tuna ranar da na koyi iyo ba, kamar yadda ban tuna ranar da na koyi tafiya ba. Ba sai mun je Ingila ko Bangaladash neman gwanayen ruwa ba. Duk wanda ya taɓa zuwa bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, ya ga abin da ake yi a kogin Matan Fada ranar kabanci, wato wasannin ruwa na gargajiya, da tseren iyo, da nutso, da kamun agwagwar ruwa da hannu, da masu kwanciya a kan gora suna ratsa kogi. Ilimin yana nan a hannun masunta, abin da babu shi ne wanda zai ɗauke shi ya kai wa yaron birni da bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba. Matasan Malam Ma'aji sun gane cewa mutanenmu ba sa buɗe aljihu don takarda, sai sun ga abu da idonsu, kuma a kan wannan suna da gaskiya. Murfin rijiya ba zai tara mutum ɗari biyar a wuri ɗaya ba, amma iyo zai tara.

Shawarata ita ce a yi iyon, amma a mayar da shi wurin wanka na gini, irin na otal ko na makaranta ko na filin wasa, inda ake ganin ƙasan ruwa. A yi karɓa-karɓa daga safe zuwa la'asar, a riƙa ƙirga zuwa da dawowa, attajiri ya ce na sayi kowane zagaye a kan kaza. Idan tsawon wurin mita 25 ne, zuwa da dawowa mita 50 ke nan, zagaye 660 shi ne kilomita 33, sai ku ce wa jama'a yau za mu je Faransa ba tare da mun bar Kano ba.

Inda na yarda da masu jan kunne shi ne cewa iyon tafki daban, na kogi daban, kuma gwaninta ba ta hana komai idan jirgi ya kife da mutum hamsin suna riƙe juna. Ku mutanen Kano ba ku manta da Bagwai ba, ranar 30 ga Nuwamba 2021, lokacin da kwale-kwalen da ya taso daga Badau ya kife a ruwan Watari, aka rasa aƙalla mutum 29, mafi yawansu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi. Lodi ne ya yi yawa, kuma da rigar kariya a jikinsu da labarin ya sha bamban. Don haka duk wanda zai koyar da yaranku ya koya musu ƙin shiga jirgin da ya cika, ya kuma koya musu cewa idan aboki ya faɗa ruwa ba a binsa. Mu a wurinmu iya ruwa fidda kai ne, wanda yake nutsewa kuwa duk abin da hannunsa ya kama sai ya danne shi. A miƙa masa sanda, ko rawani, ko a jefa masa jarka marar komai da aka toshe bakinta, a kwanta a ƙasa a jawo shi, ana ihu manya su zo.

Malamar Islamiyya, Maraɗi

Assalamu alaikum. Na karanta duka, kuma na lura ana ta cewa yara, amma a zuci maza ake nufi. 'Yan mata su ne suke zuwa ɗibar ruwa da wanki a bakin gulbi, su ne suke goye da ƙanne idan kwale-kwale ya kife, kuma su ne ba a taɓa barin su koyi iyo ba. Idan shirinku bai tanadi mace mai koyarwa da lokaci na mata zalla da sutura mai rufe jiki ba, iyaye ba za su kawo su ba, ni ma ba zan kai tawa ba.

An warware wannan a wurin da ya yi kama da namu. A Zanzibar, inda kusan kowa Musulmi ne, wata ƙungiya mai suna Panje Project da ke garin Nungwi ta samu goyon bayan ƙungiyar ceton rayuka a teku ta Birtaniya, RNLI, ta horar da mata su koyar da 'yan'uwansu mata, aka ɗinka musu kayan iyo masu rufe jiki daga kai zuwa idon sawu, suna koyon kwanciya a saman ruwa da jarkokin roba. Sai da suka fara zama da malamai da iyaye kafin su kai ko yarinya ɗaya bakin teku, kuma wannan matakin ne nake ganin bai kamata ku tsallake ba.

Ga dattawan da suke kallon abin a matsayin wasa, Malam Ma'aji, ka tuna musu maganar da ake dangantawa ga Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, cewa a koya wa 'ya'ya iyo da harbi da hawan doki. Limamin unguwarku ya san ta, kuma idan ya faɗe ta a huɗubar Juma'a za ta yi muku aikin da ɗan jarida ba zai yi ba.

Ma'ajin Unguwa, Kano

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa 'yan kwamiti amsoshinku jiya bayan sallar isha'i. An janye maganar Tiga, kuma abin mamaki matasan ne suka fara janyewa da suka ji batun tsargiya, ba batun zurfi ba. Za mu nemi wurin wanka na gini mu yi lissafin Ɗan Sarkawa na zagaye 660, kuma an amince a raba abin da aka samu uku, wato koyarwa, da murafen rijiyoyi, da ƙasar cike ramin da dattawa suka dage a kai. Liman ya karɓi maganar Malama, amma har yanzu ba mu samu mace mai iya koyarwa ba, don haka wadda ta san wata a Kano ta yi mana hanya.

Saura tambaya ɗaya ga Hajiya ta Zariya. Ranar da aka ciro yaron nan na ga mutane sun kifa shi suna danna masa ciki don ruwa ya fito. Daidai ne, ko akwai abin da ya kamata mu koya wa manya su ma?

Ma'aikaciyar Lafiya, Zariya

Ba daidai ba ne, Malam, ko da yake kusan kowa haka yake yi da kyakkyawar niyya. Danna ciki yana fito da abin da ke cikin tumbi ne, wanda zai iya komawa huhu, kuma yana cinye mintunan da ƙwaƙwalwa take buƙatar iska. Idan an fito da mutum ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, a ɗaga haɓarsa, a fara hura masa iska baki da baki, sannan a riƙa danna tsakiyar ƙirji sau 30 ana hurawa sau biyu, ba a tsayawa har ya farfaɗo ko ma'aikatan lafiya su karɓa. Idan yana numfashi a kwantar da shi a gefe, a cire jiƙaƙƙun kaya a lulluɓe shi, kuma ko ya tashi yana magana a kai shi asibiti, domin huhu yakan iya rikicewa bayan wasu sa'o'i. Wannan ba a koyonsa da karatu kawai, sai an gwada da hannu, saboda haka ku nemi 'yan agajin Red Cross ko na ƙungiyoyin addini da ke kusa da ku su zo da mutum-mutumin gwaji ranar taron, a sa su a inuwa kusa da ƙofar shiga yadda duk uban da ya kawo ɗansa zai bi ta gabansu.